Kwalin da Alhaji Mamman Ke Ɗauka da Kansa

Ku da kuke ganina da jaka a hammata kuna cewa Malam Ilu yawo kawai yake a gari ana biyansa, ku matso kusa. Shekaranjiya ma ɗayanku ya ce min idan ya gama karatu shi ma harkar takardu zai shiga, wai ai ba ta son jari, biro ne kawai da baki. Ban tanka masa ba saboda muna cin abinci. Yau zai sami amsarsa.

Sunan aikina a nan mandub, wato wakilin kamfani a ofisoshin gwamnati. Kamfanin na Alhaji Mamman ne, mutumin Gusau, yana nan Masar, a unguwar Madinat Nasr, muna tura kaya gida: littattafai, abayoyi, turare, kayan asibiti. Dokar ƙasar nan ta ce baƙo ba ya aiki sai da tasrihi, takardar izinin aiki ke nan, kuma a kan kowane baƙo ɗaya sai kamfani ya nuna Misirawa tara da ya ɗauka ya yi musu rajistar inshora. Tasrihin na kamfani ɗaya ne, na aiki ɗaya. Wanda aka ba izinin rubutu a ofis ba shi da izinin dako a sito. Nawa aikin shi ne in tabbatar duk hannun da ya taɓa aiki a wurinmu akwai takardar da ta yarda masa, domin ranar da mufattish, mai bincike daga ofishin ƙwadago, zai shigo, ba ya aiko da sanarwa. Iƙamar ɗalibi irin taku kuwa, wato izinin zama, ku buɗe fasfo ku duba, an rubuta a jikinta cewa ba a yarda mai ita ya yi aiki ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar da aka fara haɗa ni da Ammu Fathi, tsohon Bamisiren da ya koya min aikin, bai tambayi karatuna ba. Ƙafata ya duba. Ya ce, "Ya Ilyas, wannan takalmin na zuwa biki ne. Gobe ka zo da wanda za ka iya tsayuwa a cikinsa daga safe har La'asar." Sannan ya zazzage jakarsa a kan tebur ya nuna min kayan aiki: biro shuɗi, domin sa hannu da baƙin biro kan yi kama da kwafi, ma'aikaci ya dawo maka da takarda, dabbasa ta maƙala takardu, don ta ofis kullum babu ƙarfe a cikinta, gam, hotunan kowane ma'aikaci a ambulan dabam, da damga, ɗan tambarin nan da ake saya a liƙa kafin takarda ta karɓu. Kowace takarda kuma da kwafinta, kwafin ma da nasa kwafin. Na bi shi fiye da shekara ina riƙe masa jaka kafin ya bar ni in tsaya a taga ni kaɗai.

A wurinsa na koyi cewa ba a zuwa taga lokacin da ma'aikata ke karin kumallo da wake da ta'amiyya, ƙosansu na nan, ko da kuwa ka ga tagar a buɗe. Na koyi cewa "ka dawo gobe" iri-iri ce. Akwai wadda gobe ɗin ce da gaske, akwai wadda ke nufin akwai abin da ya rage a fayil ɗinka amma mai maganar ya gaji da bayani, akwai kuma wadda ke nufin mai hatimi ne bai zo ba. Wanda bai iya bambance su ba zai ƙare wata yana hawa bene yana sauka. Abu ɗaya ne Ammu Fathi ya ja min kunne a kansa har da rantsuwa. Ya ce, "Mufattish, ka ba shi kujera, ka ba shi ruwa, ka ba shi abin da ya tambaya, kada ka ƙara masa da wanda bai tambaya ba. Amma kada ka taɓa yi masa ƙarya, ko ƙarama. Idan ya kama ka da ɗaya, duk fayil ɗin da ke cikin kabad ɗinka ya zama ƙarya." Ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, ya bar min dabbasarsa, ita ce wannan da kuke gani.

Sabunta tasrihin Harouna, mutumin Nijar da ke mana lissafin kaya, shi ne aikin da ke hannuna a farkon 2011 lokacin da gari ya rikice da zanga-zangar juyin juya hali. Na riga na kai shi gwajin jini, na haɗa komai, saura in miƙa, sai aka wayi gari babban ginin gwamnati na Wustul Balad, can tsakiyar birni, a rufe, jama'a sun cika filin da ke gabansa. Jirgin ƙasa na cikin gari ma ba kullum yake tsayawa a tashar wurin ba. Duk ranar da na ji an buɗe ko da ƙofar gefe ce, sai in sauka a wata tasha in taka da ƙafa, jaka a cikin riga. Abin da nake nema bai wuce ɗan rasit mai hatimi ba, wanda zai nuna mun kawo takardunmu a kan lokaci, jinkirin ba daga gare mu yake ba. Abokan sana'ata da yawa dariya suke min. Suka ce, "Ilu, gwamnatin ma ina take, balle mai bincike?" Na ce musu gwamnati tana iya yin barci, amma kabad ɗinta ba ya mantuwa.

A shekarar kasuwa ta mutu murus. Masu zuwa sayayya daga gida suka ɗauke ƙafa, sito ya zama wurin hira. Alhaji ya kira ni ya ce zai sallami wasu daga cikin 'yan dako Misirawa har abubuwa su daidaita. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan ka rage Misirawa lissafi ya karye, tasrihin baƙo ɗaya ya faɗi. Ko nawa ko na Harouna, sai ka zaɓa." Ya ce in tashi in ba shi wuri. Bai sallami kowa ba. Haka suka yi watanni suna shan shayi suna share siton da babu abin sharewa. Da abubuwa suka lafa, masu bincike suka dawo da ƙarfinsu, suna bin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka yi min dariya suka riƙa zuwa gidana suna tambayar yadda ake gyara shekara biyu da aka yi babu takarda. Ba a gyarawa, sai dai a sha tara.

To, ga abin da nake so ku ji, kuma ba a takarda matsalar ta fito ba. Takarduna a 2014 ko mai neman laifi da fitila ba zai sami kuskure a cikinsu ba.

Akwai Malam Sagir. Wasunku sun tarar da shi. Ba yaro ba ne, magidanci ne da mata da 'ya'ya uku a nan, gemunsa har ya fara furfura. Digirin digirgir yake yi a fannin hadisi, ya kwashe shekaru a kai, a lokacin ya miƙa kundinsa yana jiran a sa masa ranar munaƙasha, wato zaman da zai kare aikinsa gaban malamai. Mahaifinsa marigayi aminin Alhaji ne tun suna yara a unguwa ɗaya. Alhaji ne ya tarbe shi a filin jirgi ranar da ya fara zuwa, kuma babban ɗan Malam Sagir sunan Alhaji ya ci. Kullum idan ya taso daga ɗakin karatu sai ya biyo ta sito, su yi Azahar tare, su ci abinci a kwano ɗaya. Ba a taɓa biyansa ko sisi ba, ba a taɓa sa shi aiki ba.

Shi kuma Alhaji yana da wata ɗabi'a. Duk kwalin da ke ɗauke da Alƙur'ani ba ya yarda ɗan dako ya taɓa. Tun ranar da ya tarar da wani ya zauna a kan irin kwalin yana busa sigari, ya ce khalas, shi ke nan, daga yau shi zai riƙa ɗauka da kansa. A kan tebur ake ajiye su, ba a ƙasa ba, kuma su ne na ƙarshe da ake ɗorawa a mota don kada a ɗora wani abu a kansu. Ni ma ba ya ba ni. Wai ni da nake yini a layin ofisoshi, alwalata ba abin dogaro ba ce. Mutum ɗaya ne idan ya miƙa hannu Alhaji ke sakar masa, Malam Sagir. Kun san yadda aka rene mu. Babba ya tashi da kaya a hannu kana zaune, ƙafarka ce za ta tashe ka kafin ka yi tunani.

Ranar wata Talata mota na bakin ƙofa ana lodi, Alhaji ya rungumo kwalinsa, Malam Sagir ya yi wuf ya karɓe yana cewa, "Haba Baba, kawo." Ya juya zai fita, sai ga mutum a bakin ƙofa da kwat mai ruwan toka da jaka a hannu. Ya matsa gefe ya ba Malam Sagir hanya, ya bi shi da kallo har mota, ya ga ya dawo ya ɗauki na biyu. Sannan ya shigo ya nuna katinsa. Ustaz Ra'afat, daga ofishin ƙwadago.

Na ba shi kujera da ruwa. Shayi ya ce ya gode. Ya bi fayil-fayil ɗina ɗaya bayan ɗaya, yana kiran suna yana duba fuska, bai sami komai ba. Da ya rufe na ƙarshe sai ya nuna Malam Sagir da biro.

"Wannan fa?"

Na ce, "Baƙo ne, ya Ustaz. Ɗalibi ne, ɗan abokin mai gidan."

Ya karɓi fasfonsa, ya buɗe shafin iƙama, ya ɗora yatsa a kan layin nan da na ce ku riƙe. Ya ce, "Na gan shi da idona yana lodi. Sau biyu." Ya fara rubutu. Na san inda irin wannan rahoton ke ƙarewa. Kamfani tara ce kawai, a biya a wuce. Amma idan kwafi ya isa ofishin fasfo, ana iya soke iƙamar Malam Sagir a ce ya bar ƙasa, shi da iyalinsa, kundin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai yana kan teburin malamai ba mai kare shi.

Bayan ya tafi Alhaji ya rikice. Ya ce a nemo wanda ya san mutumin a gan shi ta bayan fage. Na ce wanda ya ƙi shan shayinka ba a tunkararsa da wannan. Ya ce to Sagir ya daina zuwa, idan an tambaya a ce ba a san shi ba. Na ce wannan ma ba da bakina ba. Ya ce, "To kai me ke amfaninka?" Maganar ta yi min zafi, ban ɓoye masa ba.

Washegari na tafi ofishinsu da takardar jami'a da ke nuna Malam Sagir na jiran munaƙasha, da jerin masu karɓar albashi, babu sunansa. Ustaz Ra'afat ya duba ya turo min abina. Ya ce, "Ya Ustaz Ilyas, wanda ake sa shi aiki a ɓoye ai dama ba a rubuta sunansa." Gaskiya ya faɗa. A nan na gane iyakar sana'ata. Ina da takardar da za ta nuna mutum ma'aikaci ne, amma duk Masar babu tagar da ake bayar da takardar cewa mutum ba ma'aikaci ba ne. Sai na rufe jaka na yi masa bayani da baki: tsohon, da kwalin, da abin da ke cikinsa, da yadda a wurinmu ƙarami ba ya zama babba na ɗauke da kaya.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Duk mai kamfanin da na kama, baƙonsa ne, ko ɗan 'yar'uwarsa ne, ko taimako ne kawai. Kullum haka nake ji." Ya juya biro a hannunsa. "Zan riƙe rahoton a aljihun teburina. Zan dawo, ba zan faɗa maka yaushe ba. Idan na sake ganin kaya a hannunsa, na miƙa. Idan kuma na zo na tarar ya ɓace, na san kun ɓoye shi, nan ma na miƙa. Tunda ka ce kullum yana zuwa cin abinci, ya ci gaba da zuwa."

Na sayo jan fenti na ja layi a ƙasan sito, daga bango zuwa bango. Na sa benci a bayan layin, ta wajen ƙofa. Na ce daga yau duk wanda ba shi da tasrihi, ko limamin gari ne, nan ne iyakarsa. Ba ɗaukar kwali, ba riƙe igiya, ko tsintsiya kada ya taɓa. Alhaji ya ce na mai da masa shago barikin soja. Na roƙe shi ya bar 'yan dako su riƙa ɗaukar kwalayen nan na ɗan lokaci, ko ya bar ni in ɗauka. Ya ce, "Kai tasrihinka ba na biro ba ne? Ai da bakinka ka faɗa." Ya kama ni da dokata.

Malam Sagir kuwa kullum sai ya zo ya zauna a bencin. Abincin ma can ake kai musu, Alhaji ya tsallako layi su ci. Duk ranar lodi za ka ga ya sunkuyar da kai yana motsa baki. Wata rana ya ce min, "Malam Ilu, wallahi zaman nan ya fi min rubuta kundin wuya." Na ce na sani, ya daure.

Sai da muka fara sakin jiki Ustaz Ra'afat ya dawo, kuma ranar lodi ce. Ya dubi jan layin, ya dubi mai zaman benci. Ya zauna a teburina ya ce in kawo takardun inshora. Muna cikin dubawa direba ya danna oda a waje, 'yan dako suka leƙo suka ce saura na kan tebur. Alhaji ya miƙe. Na yi masa alama da ido ya dakata, ya yi kamar bai gan ni ba.

Kwalin na manyan Alƙur'anai ne masu bangon fata, irin waɗanda masallatai ke oda. Alhaji a lokacin ya haura saba'in, ga ciwon gwiwa. Ya yi bisimilla ya rungume shi a ƙirji, ya fara takawa. Kafin ya kai tsakiyar sito kwalin ya zame masa zuwa ciki, ya tsaya ya tokare shi da cinya yana haki. Malam Sagir ya ɗago daga benci, ya ce, "Baba..."

Na ce, "Malam Sagir."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya koma ya zauna, ya cusa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, don ba ya so ya saki hannun. Ni kaina na ji kunyar da ban taɓa ji ba a aikin nan, ga tsoho na rawar ƙafa a gabanmu, ga mu zaune, kuma ni na ja layin.

Sai na ji ƙarar kujera. Ustaz Ra'afat ya ajiye biro, ya taka ya isa wurin Alhaji, ya tallabi kwalin ta ƙasa.

"Kawo, ya Hajj."

Alhaji bai saki ba. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Alƙur'ani ne."

"Na sani. Ina da alwala."

Ya sakar masa. Mutumin ya kai kwalin har mota, ya sa aka gyara masa wuri a can sama, ya dawo yana kakkaɓe ƙurar kwat ɗinsa. Alhaji ya sami wuri ya zauna yana mai da numfashi, sannan ya ce min da Hausa, "Ilu, tambaye shi, shi ina tasa takardar dakon?"

Ustaz Ra'afat ya ce, "Me ya ce?"

Na so in ce addu'a ya yi masa. Sai na tuna Ammu Fathi, na fassara masa yadda aka faɗa, kalma da kalma. Ya tsaya yana kallona, sannan ya fashe da dariya har yana dafa tebur. Da ya natsu ya ce mahaifinsa ma haka yake, can ƙauyensu a kudu, ba ya yarda a riƙe masa ko buhu, kuma duk ɗan da ya zauna yana kallo sai ya sha mari. Ya ciro rahoton daga jaka, ya yi rubutu a ƙasansa, ya sa hannu, ya juyo min da shi in karanta: an sake ziyara, an tabbatar mutumin baƙo ne, ba ma'aikaci ba. Da zai fita ya taka jan layin da takalminsa ya ce, "Wannan kada ka goge. Wanda zai zo bayana ba lallai ne yana da uba irin nawa ba."

Ban goge ba, ga shi nan kuna gani, duk shekara nake sabunta fentin. Shi ya sa idan kun zo nake hana ku taɓa ko igiya, kuna cewa Malam Ilu ya cika tsanani. Cika takarda kowa zai iya koya a wata biyu. Ka iya hana mutumin kirki yin abin kirki, ido na ganin ido, don kada a kore shi daga ƙasa, wannan ne ban san yadda ake koya wa mutum ba, kai mai cewa biro ne da baki.

Malam Sagir ya yi munaƙasharsa a farkon 2015, muka je muka cika zauren, Alhaji a layin gaba da babbar riga. Ana jibi zai tashi zuwa gida ya kawo littattafansa a tura masa gida. Ranar ma akwai lodi, akwai kuma kwali a kan tebur. Da aka zo kansa Alhaji ya dafa gwiwa zai miƙe. Malam Sagir ya tashi daga benci ya zo bakin jan layin ya tsaya, ya juyo yana kallona. Tikitinsa na aljihu, amma iƙamar da ke fasfonsa har yanzu ta ɗalibi ce, kuma ni ne mandub.

Na ɗauki jakata na ce musu damga ta ƙare min, bari in je in sayo. Na fita ban waiwaya ba. Jakar kuwa cike take da damga.